Taƙi Biyu a Dakalin Tasha

Helma yana da wani ɗan aibi wanda ko shi ba ya musunsa: ba ya karanta zane har ƙarshe. Shafin farko yake dubawa, ya gyaɗa kai, ya naɗe takardar ya soka a aljihun baya, sauran kuma ƙasa ta faɗa masa. Shekara ashirin da shida yana gina ƙananan tashoshin rarraba wutar lantarki a haka, kuma babu wadda ta rushe. A da, tasha ɗaya wata tara take ci, da mutum arba'in. A zuba harsashi, a ɗora bulo, a haƙa ramin kebul, sannan masu wuta su zo su jera akwatunansu ɗaya bayan ɗaya a bakin ramin. In rami ya karkace, akwati ya bi shi. Kowa ya san haka.

Yanzu kamfani ya canza rawa. A masana'anta ake haɗa tashar gaba ɗaya, ɗaki guda na ƙarfe da kayan cikinsa a ɗaure, a gwada, a kulle, a ɗoro a tirela. Abin da ya rage wa Helma shi ne dakalin kankare da za ta zauna a kai, da ramin kebul a tsakiyarsa. Mutum arba'in sun koma tara. Tasha goma sha biyu za a kafa, kuma manaja ya faɗa masa baki da baki cewa in ta farko ta zauna daidai, sauran dakali sha ɗayan nasu ne. Abincin shekara ɗaya da rabi ke nan ga gida tara.

"A da kai ke gina gida, yau ka koma mai shimfiɗa wa baƙo tabarma," in ji Birkila, ƙanin matarsa, wanda tun ranar da Helma ya auri yayarsa bai ba shi hutun yini ɗaya ba.

Wajen haƙa ramin suka ci karo da dutse, baƙi, mai taurin kai. Helma ya zagaya shi sau biyu, ya taɓe baki, ya ce a matsa gabas taƙi biyu. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa babu abin faɗa. Wa ke buga wa ofis waya a kan taƙi biyu?

Ranar kawo tasha, da hantsi, tirela ta shigo da ita fes kamar sabon firji, motar ƙugiya mai ɗaga kaya tana biye. Injiniyar da masana'anta ta turo ta sauko da tef ɗin awo a hannu. Mace ce marar yawan magana. Ta auna dakalin, ta dubi zane, ta sake aunawa. Da ta durƙusa karo na uku, ta ɗago ta dubi Helma.

"Baba, wa ya matsar da ramin nan?"

"Dutse ne, Injiniya."

"Dutse ne ya matsar da shi?"

"Dutse ya ba da shawara, ni na sa hannu."

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe shafi na huɗu, wanda Helma bai taɓa sanin yana da abin faɗa ba, ta nuna masa. An riga an huda ƙasan ɗakin tun a masana'anta, ƙofa shida, kowace daidai ƙarƙashin akwatinta. In an sauke shi a kan wannan dakali, ƙofofin kankare za su tarar. Kebul ɗin kuma kaurinsa ya kai damtse, ba ya lanƙwasa don ganin furfurar kowa.

"To a huda wasu ƙofofin mana. Ga mai walda nan, minti talatin."

"Ranar da wuta ta taɓa ƙasan ɗakin nan, masana'anta ta cire hannunta. Ba zan sa hannu ba, Baba."

Mai ƙugiya ya leƙo ta taga ya ce shi ƙarfe biyar zai naɗe kayansa, ana jiransa a wani wurin gobe, kuma kafin a sake samunsa sai bayan sati biyar. Ya faɗa ba da mugunta ba, ya koma ya kishingiɗa.

Helma ya dubi mutanensa. Babu wanda ya zage shi, abin da ya fi zagin ciwo. Mai walda ma kau da kai ya yi yana gyaran safar hannu.

"Za mu fasa," in ji Helma. "Kankaren da dutsen duka. A ɗora ƙarfe a bakin ramin ya riƙe nauyi."

Injiniya ta yi 'yan lissafinta a bayan zanen, ta ce in ƙarfen ya kai kauri kaza, ta yarda.

Kankaren da suka zuba da alfahari, rodi a jere ba ha'inci, shi ya zame musu abokin gaba. "Da ka ci simintin nan kamar mutanen kirki, da yanzu mun gama," in ji Birkila, yana tofar da ƙura. Injin fasa kankare ya yi awa biyu ya mutu. Aka koma guduma da kurfi, mutum biyu-biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya doka. Rana ta take. Dutsen da aka guje wa wata guda da ya wuce yana nan inda aka bar shi, bai yi fushi ba, bai kuma yi laushi ba.

Wajen ƙarfe uku Helma ya karɓi guduma, Birkila ya riƙe masa kurfi. Hannu mai shekara hamsin da bakwai ba ya gaya wa mai shi ya gaji, sai dai ya nuna. A bugu na ashirin da wani abu, gudumar ta zame.

Birkila bai yi ihu ba. Ya zauna a kan tarkace, ya ɗaga babban yatsansa yana kallo kamar na wani ne. Yatsan ya baje, farcen ya koma gefe.

"A kai shi asibiti," in ji Injiniya.

"In an sauke tashar," in ji Birkila. Ya yage hannun rigarsa ya naɗe yatsan da haƙori. "Ka tanadi abin da za ka gaya wa Yaya. Ni dai ba ruwana, cewa zan yi da gangan ne."

Biyar saura kwata mai walda ya kashe injinsa. Ƙugiya ta ɗaga tashar, ta juya da ita a hankali, inuwarta ta bi ta kansu. Helma ya kwanta rub da ciki yana leƙen ƙasa, yana yi wa mai ƙugiya alama da yatsu. Ta sauka. Ƙofa shida, rami a ƙarƙashin kowace. Injiniya ta zura tef, ta miƙe, ta sa hannu a takarda.

Aka sa Birkila a motar aiki, fuskarsa ta yi toka. Helma ya zauna a inuwar tirela, wani abu mai kama da girman kai yana ɗaga masa ƙirji. Ya ce wa direban tirela, wanda ke ɗaure sarƙoƙinsa: "Ka gani ko? Mutanen masana'anta su haɗa abinsu a cikin sanyi. Ranar da ƙasa ta ƙi, hannu za su nema. Ka gaya musu na biyu zai fi wannan, zan karanta zanen har bango."

"Wane na biyu, Baba?"

"Dakali na biyu mana."

Direban ya ja sarƙa, ya ɗaure, ya karkaɗe hannu.

"Ai su ma a masana'anta aka zuba su. Tun watan jiya suna jere a bayan sito, guda sha ɗaya. Ni zan fara ɗauko su ranar Litinin."