Ƙibar Bandar

Wata maƙwabciya ce ta kawo wa Fatsuma labarin har gida a unguwar Utaibiyya, a ƙasa mai tsarki, wai ta gani a waya za a fara ɗiban samari aikin soja dole. Babu wanda ya tabbatar, don a ƙasar nan sai wanda ya kai kansa ake ɗauka. Amma je ka gaya wa uwar ɗa ɗaya! Bandar kaɗai gare ta, hankalinta ya tashi ƙwarai.

Da ta bincika, aka ce mata soja ba sa ɗaukar mai ƙiba. Shi ke nan, baiwar Allah ta gyara ɗaurin zani ta shiga kicin.

Da safe ma'asub, wato gurasa da ayaba da zuma, cikin kwanon da ƙarti uku za su ci su bari. Da rana kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama, da yamma tuwo yana iyo cikin man shanu. Ta bi maƙwabta ta ce duk wadda ta sauke tukunya ta tuna da marayan Allah. In Bandar ya ce ya ƙoshi, sai ta rafka tagumi, ta ce ba komai, dama tun da ubansa ya rasu girkinta ya daina daɗi. Sai ya jawo kwanon. Da ta lura yana fita gudu bayan sallar asuba, ta ɓoye takalman, ta rantse kyanwa ce ta ɗauke.

Kafin hajji ya zagayo, jallabiyarsa ta daina rufuwa a wuya, hawa bene ma sai ya huta a hanya. Fatsuma har sadaka ta raba don murna.

Ran nan ya dawo da azahar, ya zube a bakin ƙofa, idonsa ja wur. Ya ce daga wurin gwajin soja yake. Ba wanda ya kira shi, shi ya kai kansa, burinsa ke nan tun yana ƙarami, ya ɓoye ne don ya zo mata da albishir. Sun ɗora shi a ma'auni, suka ce ya koma gida, baɗi kuma shekarunsa sun wuce.

Tausayinsa ya kama ta.

"To kai da ka san haka, me ya sa kake cinyewa?"

Ya share ido da hannun riga.

"Ummi, ai ke kika zuba mini."