Baturiyar Nake So

Muhsinat ta ninke tawul ɗin, ta warware shi, ta sake ninkewa. Tun safe aikin ke nan. Gadon da take yi wa mutane gashin ƙashi a kai na nan fes, ko alamar zama babu a kai. Ɗakin da ke jikin nata kuwa ƙofarsa ba ta huta ba: wannan ta fito tana ɗingishi, waccan ta shiga riƙe da ƙugu. Ɗakin Moira ne, Baturiyar Sikotlan, abokiyar aikinta.

Ƙaramin asibitin gashin ƙashi ne a unguwar Bur Dubai, a saman wani shagon yadi. Da ka shigo, bangon hotunan ma'aikata ne zai fara tare ka, kowane hoto da 'yar tutar ƙasar mai shi manne a ƙarƙashinsa. Luz, 'yar Filifin mai karɓar baƙi, an koya mata ta nuna bangon ta ce, "Wa ake so?" Yatsun mutane kuwa sun san hanya. Sai su tsallake kore-fari-kore, su tsallake tutar Indiya, su dire a kan ta Birtaniya kamar ƙuda ya ga tsire.

Watannin gwajin Muhsinat sun zo ƙarshe-ƙarshe. Manaja Fahad ya riga ya kira ta ofis, ya yi mata magana cikin laushin murya, irin laushin da ya fi tsawa tsoratarwa.

"Aikinki ba laifi, wallahi. Amma gadonki kullum wayam. In wata ya mutu a haka, khalas, ba yadda zan yi."

Ta san abin da khalas ɗin nan ke ɗauke da shi. Bizarta a jikin aikin take. In aiki ya tafi, sai ta haɗa kaya ta koma Kano, inda Ummanta ta gama shelanta wa duk unguwa cewa 'yarta likita ce a Dubai.

Sannan ga Moira. Tun da aka yi zanga-zangar nan ta Amurka kan wariyar launin fata a bazarar bana, wadda kowa ya kalla a waya, Moira ta kasa zaune ta kasa tsaye. Yau ta kawo wa Muhsinat shayi, gobe ta tsare ta a bakin famfo tana tambaya, "Gaya min gaskiya, yaya kike ji a nan?" Idanunta a saman takunkumin korona kullum kamar na wadda ta taka ƙafar mutum a sahun salla. Rannan ma cewa ta yi za ta ɗauki hoton bangon ta watsa wa duniya.

"Kada ki soma," in ji Muhsinat. "A wajenmu cewa ake yi tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan ba haka ba ne. Ke za ki ja ruwan, ni zai doka. In an kore ki, kafin la'asar wani asibitin ya ɗauke ki. Ni fa?"

Wuyan Moira ya yi ja. Muhsinat ta koma ɗaki tana cizon yatsa, tana tunanin ko ta yi wautar ɓata wa mutum ɗaya tak da ta damu da ita.

Wata ranar Talata, tana tsaye tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara, sai ta jiyo murya daga matakala.

"Wash Allah na! Wannan bene ai shi ma ciwo ne."

Hausa! Muhsinat ta fito da sauri har tana tuntuɓe. Wata dattijuwa ce mai jiki, cikin lafaya ruwan goro, takunkumi a haɓa, hannun dama a maƙale jikin ƙirji.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ina wuni?"

"La ilaha! 'Yar gida ce? Zo nan, zo nan. 'Yar ina ce?"

Kafin a ce kwabo Hajiya Turai ta gano unguwarsu, ta gano cewa ta taɓa sayar wa gwaggon Muhsinat leshi. Ta ce tun da aka buɗe hanya bayan kullen korona ta zo sarin kaya, jiya a kasuwar Al Ras ta ɗaga wani ƙullin atamfa, kafaɗa ta ce ƙas. Da ƙyar ta iya hawa abra, ɗan kwale-kwalen fito, ta tsallako ruwa. Muhsinat na saurare, hannuwanta har ƙaiƙayi suke yi. Ta san irin wannan kafaɗar, ta san inda za ta fara taɓawa.

Luz ta nuna bango. Hajiya ta matsa kusa, ta ƙanƙance ido, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta ga na Muhsinat, ta yi murmushi. "Ga ki nan kuwa, tubarkalla." Sannan yatsanta ya wuce.

"Baturiyar nake so."

"Hajiya, ai layinta da tsawo. Ni kuma ba kowa a..."

"Zan jira. Sai ki shigo ki yi mana tafinta, 'yar albarka, Turancin nawa na ciniki ne kawai."

Haka Muhsinat ta tsinci kanta a ɗakin Moira, tsaye a gefen gado, hannu a baya kamar ɗalibar da aka kira gaban aji. Nan ne ke ciwo? Nan ne. Ɗaga hannun. Ba ya ɗaguwa. Moira na aiki tana satar kallonta, can dai ta kasa haƙuri.

"Hajiya ta san ke ma aikinki ke nan? Ga ki da yarenta. Tambaye ta."

Muhsinat ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa. Hajiya ta yi dariya har gadon na motsi.

"Ke 'yar nan, ba raini ba ne. Amma na hau jirgi tun daga Kano, in zo Dubai, sannan a ba ni abin da na baro a gida? Ai ko yadi ne ka fi son na waje."

"Me ta ce?" in ji Moira.

Muhsinat ta so ta ce ba komai. Bakinta ya riga ya buɗe a kan ƙaryar. Sai ta fasa, ta juya maganar kaf, har da yadin, ba ta rage ko wasali ba.

Hannun Moira ya tsaya cak a kan kafaɗar.

"Me ya faru? Ce mata ta ci gaba mana, daɗinsa nake ji," in ji Hajiya.

Da aka tashi aiki Moira ta same ta a ɗan kicin ɗin ma'aikata. Wannan karon ba ta zo da shayi ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba.

"Shekaruna nawa a nan ina zaton ƙwarewata ce ke cika min ɗaki," ta ce. "Na yi tunanin in riƙa turo miki wasu daga cikin nawa."

"Ba na son sadaka. Ranar da kika tafi hutu fa? Ko kika gaji da tausayina?"

"To me kike so in yi? Faɗa min, ba zan yi komai ba sai abin da kika ce."

Muhsinat ta juya kofi a hannunta, ta ajiye, ta sake ɗauka. Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar a garin nan, amsar kuwa ashe tana nan a ajiye tuntuni.

"A cire tutocin. A daina tambayar mutane wa suke so, duk wadda layi ya faɗo kanta ita ce. Kuma ke za ki faɗa wa Fahad, a matsayin buƙatarki. Sunana kada ya fito."

"In ya ƙi?"

"Ke ba ya iya ƙin ki. Ai matsalar ke nan."

Washegari Muhsinat ta ga Moira ta shiga ofishin manaja ta rufo ƙofa. Ta shiga banɗaki ta fito, ta sha ruwa, ta sake shiga banɗaki. Ta gilashi tana hango Fahad yana ɗaga hannuwa sama, yana nuna bango, yana dafe kai. Sau ɗaya ya waiwayo ya kalli ƙofar ɗakinta. Da Moira ta fito, kujera ta ja zuwa bangon, ta hau, ta sa farce ta ɓamɓare tutar Birtaniya, sannan sauran.

"Na ce masa ko haka, ko in tafi," ta raɗa wa Muhsinat. "Ya ce a gwada zuwa ƙarshen wata. In mutane suka gudu, kowa ya kuka da kansa."

Wasu kuwa sun gudu. Wata mata ta yi ta faɗa da Larabci har ta buga ƙofa. Muhsinat na jin ƙarar a haƙoranta. Amma wasu ciwo bai bar su zaɓe ba, suka shigo ɗakinta suna harare-harare, suka fita suna juya wuya suna mamaki. Ba su da yawa. Fahad na zagayawa da hannu a aljihu, zagayen nan kuwa ya hana ta cin abinci.

Ranar da Hajiya Turai ta dawo, Fahad na tsaye a gaban teburin Luz.

"Yau Muhsinat ce da ke," in ji Luz.

Hajiya ta kalli bango. Hotuna na nan, ƙarƙashinsu sai tabon gam.

"Ina Mairo Baturiyata?"

"Tsari ne ya canza, Hajiya," in ji Muhsinat. "Yanzu layi ake bi."

"Layi? Da kuɗina? Ke kika kitsa wannan, ko?"

Muhsinat ta ji idon Fahad a ƙeyarta. Hausa ba ya ji, amma fuska ai ba ta buƙatar tafinta.

"Ni ce, Hajiya."

Hajiya ta ja tsaki, ta saɓa jaka, ta nufi matakala. Jakar ta faɗa kan kafaɗar mai ciwo. Ta tsaya, ta runtse ido, ta leƙa benen nan mai tsawo. Ta daɗe a tsaye.

"Gwaggonki dai mutuniyar kirki ce," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Ba ta taɓa min gardamar farashi ba." Ta juyo tana huci. "Wuce mu je. Amma wallahi kika ƙarasa min kafaɗa, har gida zan kai ƙararki wajen uwarki."

Da za su shiga, Fahad ya yi gyaran murya. "Muhsinat, wata mai kamawa ke ce da safiyar Asabar. Kada ki makara."

Wata mai kamawa. Ta gyaɗa kai. Ƙofar Moira a buɗe take, ba kowa a gadon, tana tsaye tana ninke tawul. Ta ɗago ta kalle su, ta koma kan ninkinta.

Muhsinat ta wanke hannu, ta murza tafukanta har suka yi ɗumi. Ta ɗora su a kan kafaɗar, ta lalubo wurin, ta danna.

"Wayyo! Ke, a hankali! Mairo ba haka take yi ba."

"Na sani, Hajiya. Ɗaga hannun mu gani."