Duwatsun Kan Kurbina

Surukata Encarna ba ta ba da aron ko cokali, balle akwatin marigayi mijinta Anselmo. Shi ya sa da maganar aron akwatin ta taso na ce wa mijina Baldomero ya fara neman mai sayen jirginsa na kamun kifi.

Kurbina, wani babban kifi, ta ja baya a bakin koginmu, kuma da ita muke ci muke sha. Gwamnati ta ce za ta hana kamunta gaba ɗaya, amma kafin nan ta ba da kuɗin bincike na shekara biyu. Aka turo mana Dakta Nuria, wata siririya mai amai duk lokacin da ta hau ruwa. Da safe ta ƙirga dabbobin tekun nan da ake kira dolfin, da yamma ta zo rumfar kifi tana fasa kawuna.

Kowa ya san duwatsu biyun nan farare da ke cikin kan kurbina, muna rataya wa jarirai don tsari. Abin da ba mu sani ba shi ne suna da zobba a ciki kamar kututturen itace, kowace shekara zobe ɗaya. Nuria ta ce in ta samu na da, masu shekarar kamu a rubuce, za ta gane ko kifin har yanzu yana girma yadda ya saba. In haka ne, hana kamu a watannin ƙwai kawai ya isa.

Duk garin mutum ɗaya ne ya taɓa rubuta shekara. Anselmo yakan cire dutsen kifi mafi girma na kowace kaka, ya sa a kwalin ashana, ya miƙa wa matarsa. Kwali talatin da takwas, duk suna cikin akwatin nan.

Na raka Nuria gidan. Encarna ta zuba mana kofi, ta saurara har ƙarshe.

"In kin gama dubawa za ki dawo min da su?"

"Sai an yanka su da zarto, Mama," Nuria ta faɗa kanta a ƙasa.

"To sha kofinki, 'yata. Kin rame, ko gwamnatin ba ta ba ku abinci ne?"

A hanya raina ya ɓaci, na koma ni kaɗai. "Mama, ɗanki ya kai hamsin, bai iya komai ba sai ruwa. Dutse kike so ya ci?"

"Casilda, ke naki mijin yana dawowa da yamma yana wari," ta ce. "Nawa ga shi nan a kwali."

Na ji kunya har ƙafata, na fita.

Kwana tara bayan nan Baldomero ya manna takardar sayarwa a jikin jirgin. Jirgin ubansa ne, sunan Encarna ne a goshinsa. Ta wuce za ta coci, ta tsaya ta karanta, ba ta ƙarasa cocin ba. Da rana sai ga ta a ɗakin binciken da akwati a hammata.

"Ki yanka a hankali," ta ce. "Mutumin ba ya son garaje."

Wata goma sha huɗu muka jira. Sakamako ya fito: a rufe bakin kogi daga Afrilu zuwa Yuni, sauran shekara a yi kamu. Maza sun yi gunaguni, ai aikinsu ne. Baldomero ya ɓalle takardarsa ya naɗe kifin sadin da ita, ni kuwa na shiga kicin na yi kukan daɗi.

Nuria ta kawo wa Encarna duwatsun, kowanne an fere shi siriri an manna a gilashi. Ta saita mata madubin ƙara girma a kan na ƙarshe, wanda Anselmo ya kama kakar da ya rasu. Tsohuwa ta ƙirga zobban da kanta, ta sake ƙirgawa. Talatin da takwas.

"Shekarar aurenmu aka haifi wannan kifin," ta ce, tana dariya tana share ido. "Ashe duk tsawon nan yana raina wa mijina hankali."

Sai ta zaro sabon kwalin ashana daga aljihu, ta zazzage tsinkayen a kan tebur, ta miƙa wa ɗanta.

"Na bana. Dutse ɗaya na Dakta, ɗaya nawa. Kuma ka rubuta shekarar yadda mutum zai iya karantawa."