Gawayin da ke Ƙarƙashin Turke

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Na ga ƙofar da ya buɗe wa wani magini, da idona na gani.

Shekarar da aka raba jiharmu biyu, gwamnati ta ce a sabuwar gunduma, garin da ya fi yawan unguwanni shi ne hedikwata. Garin Magini na da bakwai. Garin ƙetare na da takwas, ta takwas ɗin unguwar maƙera ce, daf da iyaka, inda ƙanensa Maƙeri ke zaune. Magini ya ƙwallafa rai: in hedikwata ta zo garinsu, shi zai gina ofisoshi.

Iyakar kuwa turke ne na siminti mai lamba. Magini ya zuba irinsa a bayan gida, ya shafe shi da laka da baƙin mai har ya yi kama da tsoho. Ranar da aka yini ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, da dare shi da babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya biyu, suka fasa tsohon, suka kafa sabon a bayan unguwar maƙera. Takwas ta koma tasu.

Maƙeri ya same shi yana jera bulo, ya gaishe shi.

"Yaya, na kwana a garina, na tashi a naka. Yaushe turke ya yi ƙafa?"

"Kai dai ƙarfe ka sani. Ruwa ne ya tono gaskiya."

Ƙanen ya roƙe shi ya mayar tun kafin jini ya zuba. Magini ya ce ɗan da aka goya ba ya koya wa babba tafiya.

Ranar da kwamitin gwamnati zai zo duba iyaka, garuruwan biyu suka riga shi isa wurin turken. Aka fara da zagi, aka koma jifa. Maƙera suka fito da guduma da adduna, mutanen Magini suka cinna wa rumfunan ƙira wuta, ta ƙanensa ta fara ci. Ɗan Magini ya rungume turken kada a tumɓuke, wani ya sauke masa guduma a ƙeya. Ko shurawa bai yi ba. Uban ya sunkuya kansa, dutse ya fasa masa idon dama. Sai da 'yan sanda suka yi harbi sama aka watse.

Bayan kwana uku aka kawo tsohon mai awon ƙasa. Bai ko dubi lambar ba, ya sa a haƙa ƙarƙashin turken. Jar ƙasa zalla. Ya auna, ya taka zuwa tsohon gurbi, aka haƙa kamu biyu, sai ga gawayi da fasassun kwalabe. Ya ce haka suke binnewa kafin su kafa kowane turke, don siminti kowa na iya zubawa, gawayi kuwa ba ya ruɓewa. Magini siminti ya sani, bai san na ƙasa ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka gano aikin Magini ne, aka kama shi. Gwamnati ta ce masu kashe juna ba su isa riƙon hedikwata ba, ta kai ta wani ƙauye mai unguwa uku.

Ga abin da Magini ya girba: ɗa ɗaya a kabari, jikoki biyu marayu, ido ɗaya, shekara tara a kurkuku, da ƙane wanda har yau ba ya amsa sallamarsa. Ofisoshin kuwa, ko bulo ɗaya bai ɗora ba.