Ranar da Jilali Ya Yi wa Ɗakinsa Fenti

A unguwar Hufra ba a gyara gida. Ba lalaci ba ne, mutanen Hufra sun fi kowa sanin inda guduma take. Amma duk wanda ya kai takardunsa ofishin gunduma yana neman gidan gwamnati ya san wata rana kwamiti zai zo ya duba inda yake kwana ya ba shi maki, kuma makin nan da lalacewa ake samunsa. Rufi mai yoyo maki ne, bango mai tsaga maki ne, mutum takwas a ɗaki ɗaya kuwa ai an gama magana. Saboda haka kowa yake kiwon lalacewar gidansa kamar ragon layya. Kaddur mai gyaran babur kullum safiya sai ya watsa wa bangonsa ruwa bokiti biyu don gansakuka ta yi kyau, kuma yana da surukar da ake ɗauko masa daga ƙauye a shimfiɗe ta a tsakar ɗaki duk sa'ad da aka ji ƙishin-ƙishin kwamiti na tafe.

Jilali mai fenti shi kam Allah ya hutar da shi ɗaukar bokiti. Ɗakinsa ne na ƙarshe a gangare, inda ruwan wanke-wanken unguwa yake yada zango kafin ya wuce teku. Kwanon rufin ya huje, bangon gabas ya tsage har kana iya gaisawa da mai wucewa, ban-ɗaki kuwa gida bakwai ne suke layi a kansa. Takardunsa sun shekara goma sha ɗaya a ofis. Ba shi yake bin su ba, yayarsa Bahta ce, wadda take murza kuskus a gidajen biki. Ta san kowane benci na ofishin nan, ta san masinjan da ke cewa "ki dawo Lahadi" tun gashin kansa yana baƙi.

Ciwon Jilali yana da dogon suna na Faransanci a bakin likitan ƙwaƙwalwa da ke birnin Wahran. Bahta kuwa hawa da sauka take ce masa. In ya hau, barci ya ƙaurace masa, magana ta ɓalle, ya yi aikin mutum biyar, ya rabar da kayan jikinsa ga duk wanda ya yaba. In ya sauka, sai ya yi wata biyu kwance fuska na kallon bango, ko cokali nauyi yake yi masa. Tsakanin biyun, in yana shan ƙwayarsa, babu mai hankali da tsabtar aiki kamarsa a garin. Likita ya faɗa wa Bahta gaskiya: ƙwaya rabin magani ce, ɗaya rabin kuwa ɗaki ne busasshe mai ƙofa, inda mutum zai yi barci a kan lokaci ba injin walda da talabijin ɗin maƙwabta a cikin kunnensa. Ya rubuta haka a takarda, ya buga hatimi.

Gidan Bahta ba ya cikin zance. Ɗaki biyu ne da yara biyar, kuma mijinta Milud ya rantse Jilali ba zai sake kwana masa a gida ba tun hawan da ya ciccire ƙofofin gidan gaba ɗaya, har da ta ban-ɗaki, wai zai goge su ya shafa musu mai.

Kwamiti ya taɓa zuwa shekara uku da suka wuce, ya tarar da Jilali a sauke. Yana ciki yana jin ƙwanƙwasawa, ya kasa ɗaga kai. Su kuwa manya ne, ba a tsayar da su a rana. Suka rubuta cewa ba ya zaune a wurin, suka wuce.

Bana da labari ya zo cewa Alhamis mai zuwa ce ranar Hufra, Bahta ta sauko gangare da kanta.

"Jilali, ka ji ni da kyau. Ko ƙusa kada ka buga. In sun ƙwanƙwasa ka buɗe, ka ja bakinka ka yi shiru, ni zan yi magana."

"Yaya, kina mini magana sai ka ce yaron goye."

"Yaron goye ya fi ka jin magana. Kana shan ƙwayar?"

"Ina sha mana."

Ya yi dariya, dariyar ta yi sauri da yawa, ƙafarsa kuma tana ta rawa a ƙasa. Ta gani, ta kuma san abin da ta gani. Amma akwai bikin da aka ɗauke ta aikinsa tun bara a garin Tilimsan, kwana shida, kuskus na mutum ɗari huɗu. Ta tafi zuciyarta ba daɗi.

Ranar Alhamis da hantsi, daga tashar mota ta zarce Hufra da jakarta. Sau biyu tana wuce ɗakin ba ta gane shi ba. Bango fari tas, ƙofa shuɗiya, tsagar nan an cike ta an shafe kamar ba a taɓa yi ba. An lilliƙe rufi da kwalta, an haƙa wa ruwan wanke-wanke wata hanya. A ciki, fasassun tayil ɗin da ya tsinto a wuraren gine-gine ya jera su sun zama kamar darduma, ga na'ana'a a gwangwanayen tumatir a bakin taga. Tunda take ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka a Hufra ba, kuma nan take ta san wannan kyan ya kashe musu maki.

Kaddur yana tsaye bakin ƙofarsa, surukarsa na nishi a ciki tana gwada murya.

"Hajja Bahta, barka da hanya. Kun buɗe otal ne ba ku gayyace mu ba?"

Ba ta ko kalle shi ba. Jilali ya fito da farar riga, idanunsa jajur, kwana shida bai runtsa ba.

"Me ka yi, Jilali? Me na faɗa maka?"

"Baƙi za su zo, Yaya. A juji zan tarbe su? Su ce gidan wa aka yi mana tarbiyya?"

Kafin ta ba shi amsa kwamiti ya iso. Su uku ne: Si Lahdar shugaba, tumbi a gaba fayil a hammata, wata mata da ta toshe hanci da hankici tun daga saman gangare, sai wani dogo mai ɗaukar hoto. Matar tana shiga ɗakin ta cire hankicin ta ce masha Allah. Dogon ya shiga ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. Jilali ya zaunar da su, ya zuba shayi daga sama har ya yi kumfa, ya kawo makrud, wani irin cincin mai zuma, sannan ya buɗe baki. Zai yi wa Hufra fenti gaba ɗaya, fari da shuɗi, har jiragen ruwa masu zuwa birnin Marsiliya su dinga rage gudu suna kallo. Zai buɗe makarantar koyon fenti. Zai rubuta wa minista.

"Gida kuwa," ya ce, "ku ba masu buƙata. Ni kun ga inda nake."

Bahta ta zaro takardar likita daga ƙirjinta ta miƙa.

"Si Lahdar, don Allah ka karanta. Ba shi da lafiya. Wannan duk ciwon ne. Makon jiya da kun zo, da ba ku iya tsayawa a nan ba."

Si Lahdar ya riƙe takardar da yatsu biyu, yana tauna makrud.

"Hajja, fom ɗinmu yana da gurbin makaho, yana da na gurgu, yana da na kurma. Wannan a wane gurbi zan sa shi? Mutumin da ya yi wannan aiki ai ya fi ni lafiya." Ya mayar mata da takardar, ya juya wajen Jilali. "Kana zuwa aikin gida? Falona yana son hannu irin wannan."

Da kaka aka kafe sunaye a bangon ofis, 'yan sanda na tsaye gefe. Masu guɗa na yi, masu suma na yi. Sunan Kaddur ya fito, kuma kafin la'asar surukarsa ta warke sarai ta hau motar ƙauye da ƙafarta. Bahta ta bi takardun da yatsa daga sama har ƙasa sau uku. Babu Jilali. Aka ce wanda bai gamsu ba yana da kwana takwas ya ɗaukaka ƙara, za a sake zuwa a duba. Ta rubuta a ranar.

A lokacin Jilali ya sauka. Yana kwance a tsakiyar kyakkyawan ɗakinsa, gemu ya cika masa fuska, na'ana'ar ta bushe. Bahta ta zo da guduma a cikin kwandon cefane. Ta tsaya tana kallon bangon nan fari, ta yi bisimilla, ta kai masa duka. Ɗan ɓarɓashi ne ya zubo. Ta ƙara.

"Ba haka ake yi ba."

Ta juya. Muryarsa ce, rabonta da jin ta mako biyu.

"Za su gane sabon sara ne, Yaya. Ba ni."

Ya tashi da ƙyar, ya karɓi gudumar. Kwana uku ya yi yana aikin, a hankali, yana hutawa bayan kowane ɗan motsi. Ya bi tsohuwar tsagar ya buɗe ta daidai inda take, don shi ya san hanyarta. Ya kankare fentin, ya dama toka da laka ya shafa don wurin ya tsufa. Ya ɓamɓare kwaltar rufi. Ya toshe hanyar da ya haƙa, ruwan wanke-wanke ya dawo gidansa na da. Tayil ɗin ne ya bari ƙarshe. Ɗaya bayan ɗaya ya dinga cirewa, kowanne sai ya goge shi da gefen rigarsa kafin ya jefa a buhu. Bahta ta zauna a dokin ƙofa tana kuka ba ɓoyewa. Ta tsani kwamiti, ta tsani Kaddur, ta tsani Milud, ta fi tsanar kanta da ta kawo gudumar.

Kwamitin ɗaukaka ƙara ya zo bayan wata ɗaya, ashe Si Lahdar ne dai da sabuwar kwat. Ya tsaya a bakin ƙofa don kada takalminsa ya jiƙe. Ya buɗe fayil, ya zaro hotunan da dogon nan ya ɗauka, ya dubi hoto, ya dubi bango.

"Wa ya yi wannan?"

Bahta ta fara zancen ruwan sama da iska. Jilali yana zaune kan katifa, kuma in yana sauke ba shi da ƙarfin yin ƙarya.

"Ni ne," ya ce.

Si Lahdar ya rufe fayil. Sannan ya miƙa wa Bahta hannu.

"Ina takardar nan ta likita?"

Ta ba shi, ranta ya ɗan yi sanyi. A wannan karon har tabarau ya sa. Ya karanta daga sama har hatimi, yana gyaɗa kai.

"Ashe gaskiya kika faɗa, Hajja. Allah ya ba shi lafiya. To amma ke ma ki duba. Mutumin da ya rushe ɗakinsa da hannunsa, mu ɗauke shi mu kai hawa na huɗu, tsakanin iyalai da ƙananan yara, ga bututun gas a kowane bango? In ya tashi da guduma a can, wa za a tambaya? Ni za a tambaya. Wannan na asibiti ne."

"Asibitin ne suka turo shi wurinku, Si Lahdar."

"To ai ba mu rufe fayil ba. Yana nan. In ya samu sauƙi, sai zagaye na gaba."

"Yaushe ke nan?"

"Shekara biyu, uku. Allah ne masani. Za dai mu zo mu sake dubawa."

Ya ninke takardar da ladabi ya mayar mata, ya ɗage ƙafar wandonsa ya hau gangare, sauran na biye.

Hadari ya haɗo daga wajen teku, iska mai sanyi tana shigowa ta tsagar bango. Watan sanyi saura kwanaki. Jilali ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon hujojin rufi, irin kallon da mai sana'a ke yi wa aiki yana auna ta inda zai fara. Rabon da ta ga wannan kallon a idonsa tun kafin ya sauka.

"Yaya," ya ce, "yanzu in gyara?"

Ta buɗe baki za ta ce masa e. Ɗigon farko ya faɗo kan katifar, kusa da ƙafarsa. Shekara biyu, uku, za su zo su sake dubawa.

"Bar shi tukuna," ta ce.