Ƙarcen Farce a Ƙofar Tirela

An hana Noelene Sabatino kofin gasar ƙananan motocin kwaikwayo na bana, duk da cewa ita ta fi kowa maki. An kuma ƙarce mata ƙofar motar da ta yi wata goma sha ɗaya tana haɗawa. Abin ya faru ranar Lahadi wajen ƙarfe uku na yamma, a zauren filin baje kolin amfanin gona na Barrawinna, a arewacin jihar Victoria, a gaban mutum kusan sittin. Wanda ya yi ƙarcen kuwa shi ne babban alƙalin gasar.

Noelene tela ce, shekararta hamsin da takwas. Tana gyaran rigunan amare da rage tsawon wanduna a wani shago da ke bayan gidan waya. Abin da ta kawo gasa ɗan ƙaramin kan tirela ne da bai fi tsawon takalmi ba, kwaikwayon wanda yayanta Gino ya tuƙa shekara ashirin da biyu, kafin ciwon suga ya raba shi da ƙafar hagu. Jan fenti ne a jikinsa. Layuka uku sun zagaye shi, fari da baƙi da ruwan zinare, kowanne siririnsa kamar zaren ɗinki. A ƙofa an rubuta G. Sabatino da haruffan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Kowane kwalin kayan haɗa irin motocin nan yana zuwa da sitika daga masana'anta, a jiƙa ta a ruwa a manna. Rukunin da Noelene ta shiga ya haramta wannan. Duk layi, duk harafi, sai an rufe wajen da tef an fesa fenti. Wannan rukuni ne kaɗai ake ba kofi. Wanda aka kama da sitika a cikinsa, shekara biyu ba ya sake shiga zauren da mota.

Tana waje wajen masu gasa nama, tana goge wa Gino albasar da ta zubo masa a riga, sai sakatariyar ƙungiyar da ke shirya gasar, Thelma Ridgwell, ta leƙo.

"Noelene, ki ɗan zo ciki."

"An gama lissafin makin?"

"An gama. Ki dai zo."

Gino ya sa hannu a tayoyin kekensa. "Tura ni, Auta. In kofi ne, ni zan riƙe. Motata ce."

"Taka tana wajen 'yan gwangwan, Yaya. Wannan tawa ce."

Babban alƙalin, Merv Tuckett, yana tsaye a bakin teburin da motar take, da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi da 'yar tocila a hannu. Shekararsa saba'in da ɗaya, tsohon sufeton tikiti ne a motocin haya, kuma shi ke shugabantar ƙungiyar tun shekara goma sha tara da suka wuce. Sunansa ya fito sau shida a gindin kofin.

"Madam Sabatino, akwai 'yar magana."

"Ina ji."

"Layukan nan sun yi kyau."

"Na gode."

"Kyan ya yi yawa."

Ya kwantar da hasken tocilar a gefen ƙofar. Ya ce duk wanda ya taɓa fesa fenti a bakin tef ya san abin da ke biyo baya. In aka ɗaye tef ɗin, fenti yakan bar ɗan tudu a gefen layi, haske kuma yakan nuna shi. In babu tudu, to za a ga inda fenti ya kurɗa ta ƙarƙashi. Nan babu ko ɗaya. Sumul.

"Shekara arba'in ina wannan aiki," in ji shi. "Hannu ba ya yin haka. Masana'anta ke yi."

"Shekara arba'in kana ɓarnar fenti dai, Sufeto," in ji Gino. "Naka layukan ai makaho ma zai karanta su da yatsa."

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta da sauri.

Noelene ta lura da takardar da ke hannun Thelma. An riga an cike ta, an sa hannu. Daga inda take tsaye ta iya karanta kalma ɗaya: maguɗi. Ta duba zauren. Ta ga mata huɗu da ta yi wa 'ya'yansu rigar aure, da wani da har yanzu wandonsa ke rataye a shagonta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a kan gilashi take yanka tef ɗinta, mai ruwan ɗorawan nan na takarda, kuma kowane layi da sabuwar reza. Kafin ta manna shi a mota, sai ta fara manna shi a damtsenta ta ɗaye, don ƙarfin gam ɗin ya ragu, kada ya taso da fentin ƙasa. Ta danne bakinsa da tsinken sakace. Sannan ba fari take fara fesawa ba, ja take fesawa, irin na jikin motar, don in akwai kafar da fenti zai kurɗa, jan ya toshe ta. Sai fari a kai, sama-sama, sau uku. Ta ɗaye tef ɗin tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, tana naɗe shi baya a hankali. Ta bar shi mako guda. Ta goge tudun da samfefa mafi laushi a cikin ruwa, ta fesa man ƙyalli, ta sake gogewa, ta sake fesawa, har sau biyar.

"Shi ya sa ba ka ga tudu ba. Na goge shi."

"Duk wannan a littafi ake karanta shi," in ji Merv. "Ni ma zan iya rattaba miki."

"To me ya hana ka yi?" in ji Gino.

Kunnuwan Merv suka yi ja. A kan kowane tebur a zauren akwai kati da aka rubuta Kada A Taɓa. Rubutun hannunsa ne, shi yake sabunta katunan duk shekara. Ya ture katin gefe, ya sauko da gilashin kan idonsa, ya sa farcen babban yatsa a gefen harafin S yana neman bakin sitika.

"Merv," in ji Thelma.

Ya danna. Ba a ji wata ƙara sosai ba, kamar dai an kankare ƙanzo a tukunya.

Da ya ɗaga yatsan, babu S, babu rabin A. A wurinsu akwai ƙarce mai tsawon ƙwayar wake, kuma a gefensa ana ganin komai hawa-hawa: man ƙyalli, ruwan zinare, ja, da fentin farko mai ruwan toka na can ƙasa. Babu abin da ya ɗago kamar leda. Merv ya juya yatsansa. Garin fenti ne a ƙarƙashin farcen.

Noelene ta tsaya tana kallon ƙofar. Harafin S ɗin nan kwana tara ya ɗauke ta. Hotuna biyu kacal suka rage na motar gaske, mai rubutun da ya zana ta kuma ya daɗe da mutuwa. Ta cusa hannuwanta cikin aljihun rigar sanyinta.

"Ka gani?" ta ce.

Gino bai yi barkwanci ba wannan karon. Ya matso da kekensa har tayar ta daki ƙafar tebur. "Sunana ne ka kankare, kai. Sunan ubanmu."

"To, fenti ne," in ji Merv. Ya goge yatsan a wando. "Na yarda fenti ne. Amma wa ya yanka tef ɗin? Yanzu akwai injin da ake haɗawa da kwamfuta, ya yanka maka haruffa tsaf. Bara muka hana shi. Thelma, ba haka ba?"

"An hana," in ji Thelma. Ba ta dube shi ba.

"Ɗazu sitika, yanzu inji," in ji Gino. "An jima za ka ce aljanu ta ɗauka aiki."

Noelene ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta jawo jakar da ta zo da motar a ciki. Ta fito da wani tsohon littafin samfurin riguna, ya kumbura har ba ya rufuwa. Tela ba ya zubar da ƙyalle. Duk tef ɗin da ta ɗaye daga motar cikin wata goma sha ɗaya, ta manna shi a shafi ta rubuta kwanan wata da fensir. Suna nan jere, kowanne da fentin da ya sha a bayansa, da ramin layi ko harafi a tsakiyarsa.

Ta buɗe shafin watan Yuni ta miƙa wa Thelma. S guda huɗu ne a ciki. A na farko reza ta zame ta yanke wutsiyar. Na biyu ya yage wajen ɗagawa. Na uku ya fito da ciki kamar agwagwa, ta rubuta a gefensa: a'a. Na huɗu ne mai ruwan zinare a jiki.

Thelma ta karɓi gilashin wani, ta daɗe a kan shafin. Ta juya zuwa na ƙofar dama, ta dawo.

"Na hagu da na dama ba ɗaya ba ne," ta ce. "Na dama ya ɗan fi tsayi. Inji ba ya haka, Merv."

Littafin ya fara yawo daga hannu zuwa hannu. Wani dattijo mai haɗa ƙananan jiragen ruwa ya tambayi Noelene lambar samfefar da take amfani da ita. Ita kuwa Merv take kallo.

Thelma ta ce dokar a fili take. Ƙorafin da aka rubuta aka sa wa hannu, kwamiti ne kaɗai ke yanke hukunci a kansa, sai fa in wanda ya rubuta ya janye shi nan take. Layi ɗaya ne da sa hannu. Ta miƙa masa biro.

Merv ya dubi biron. Ya dubi mutanen. Ya ce da Noelene su ɗan koma gefe, wajen tukunyar shayi.

"Ki saurara, 'yar'uwa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Abin da ya faru ya faru. Ina da irin jan nan a gida. Ki ba ni motar mako biyu, in gyara miki ƙofar, ba wanda zai gane. A ba ki na biyu yau, takardar nan kuma ta ɓace. Kowa ya tafi da mutuncinsa."

"Na biyu saboda me?"

"Mota mai lahani a jiki ba ta cin kofi. Doka ta tara."

"Lahanin da wa ya yi?"

"Ba don ke na rubuta ta ba."

"Kai za ka gyara mini ƙofa." Ta faɗi haka ne kamar mai maimaita awon da aka ba ta ba daidai ba. "Da wane hannun? Wanda ya ɓata, ko wanda ka ce ba ya iya yin layi babu tudu?"

Merv ya juya biron a hannunsa.

"Ka rubuta maguɗi a gefen sunana, Malam Tuckett. A garin nan nake cin abinci. Mutane suna bar mini rigunan da suka gada daga iyayensu, su tafi su dawo. Ko ka goge kalmar a gabansu, ko mu haɗu a kwamiti."

"To mu haɗu a kwamiti," in ji Merv. Ya ajiye biron kusa da kwanon sukari.

Noelene ta koma wajen Thelma ta nemi takarda irin tasa. Ta cike ta a tsaye. Doka ta huɗu ta ce duk wanda ya taɓa motar wani ba da izini ba, an sauke shi daga alƙalanci. Mutum goma sha huɗu suka sa hannu a matsayin shaidu. Wasu da suka ga komai sun tuna cewa sun bar mota a rana, suka fita.

An raba sauran kyaututtukan da ƙarfe huɗu. Da aka zo kan kofin, Thelma ta ce an ɗage. Ta naɗe shi a tawul ta sa a but ɗin motarta.

A wajen ajiye motoci, Noelene ta taimaka wa Gino ya koma kujerar gaba, ta naɗe kekensa. Ya karɓi akwatin motar ya ɗora a cinya, ya buɗe murfin.

"Kwana nawa gyaran zai ci, Auta?"

"Mako uku. Sai an goge ƙofar gaba ɗaya an faro daga toka."

"To ki fara gobe."

"Ba zan taɓa ta ba sai 'yan kwamiti sun gani."

"In suka ce mai lahani ba ta cin kofi fa?"

"Su faɗa Merv yana zaune a wurin."

Gino ya daɗe yana kallon ƙofar. "G. Batino," ya karanta. Ya rufe murfin.

Kwamitin zai zauna ranar Talatar farko ta watan gobe, a ɗakin bayan zauren. Mutum biyar ne. Takardun biyu suna cikin fayil ɗaya a wajen Thelma, ta Merv a sama don ita aka fara shigarwa. Bisa tsarin ƙungiyar, shugaba ne ke jagorantar zama, kuma in ƙuri'a ta yi kunnen doki, tasa ce ke rabawa. Da Thelma ta tambaye shi ko zai bar kujerar a ranar, Merv Tuckett ya ce zai duba abin da doka ta ce.