Sunan da Tela Yake Tsallakewa

"Inna, don Allah zo ki yi masa magana, ni dai ya fi ƙarfina."

Ina tsakiyar kitso, kan wata mata a tsakanin gwiwoyina, 'yar maƙwabcina Tela ta faɗo ɗakina ko sallama babu, mayafinta a hannu. Malamar makaranta ce, da 'ya'yanta uku, amma ranar fuskarta ta koma irin ta lokacin da nake goya ta. Na soke tsinken kitso a gashin matar, na ce ta riƙe mini tsagar da yatsa, na bi bayanta.

Kwana biyu ke nan da sallamo Tela daga asibiti. Likita ya ce zuciya ce, kada ya ɗaga ko buta. Sai ga shi ya sauko daga gado ya zauna a kan keken ɗinkinsa, ƙafafu sun kumbura suntum, yana ta fama ya taka, matakin ya ƙi motsi. Babu zare a allura, babu yadi a ƙarƙashinta. Gumi kawai ke zuba.

"Malam Tela, ɗinkin wa ake yi?" na ce. "Ko likkafaninka za ka ɗinka da kanka, don kada wani ya ɓata maka awo?"

"Inna!" in ji 'yarsa.

Shi kuwa dariya ya yi har ta koma masa tari. Shekara ashirin da biyu muna gidan hayar nan, bango ɗaya tsakaninmu, ba mu taɓa yi wa juna magana mai laushi ba, kuma ba a kan gadon ciwo za mu fara ba.

"Maƙwabciya, yau da safe ba ki ji ni ba," ya ce.

"Na ji daɗi kuwa. Kunnena ya huta."

Ƙarya nake yi. Tun safe nake tsaga ina warwarewa, har matar ta tambaye ni ko lafiya.

Abin da ya sa shi ne wannan. Kullum da hantsi, kafin Tela ya taɓa aikin kowa, sai ya karanta sunayen Allah casa'in da tara a kan keken nan, taku ɗaya suna ɗaya. Ar-Rahmanu, ƙwas. Ar-Rahimu, ƙwas. Haka maigidansa ya koya masa ɗinki tun yana saurayi. Wai mutumin ba ya ba sabon hannu zare sai ƙafarsa ta iya kai sunayen daga farko zuwa ƙarshe ba sauri ba nawa, don ɗinki ya fito daidai. Saboda haka haddar Tela a ƙafa take. Ni ma da nake zaginsa ta bango, ban san ranar da sunayen suka zauna mini a ka ba.

Yanzu ƙafar ta ƙi. Ya gwada a kwance, ya gwada da carbi, ya kai takwas ko goma sai su cakuɗe masa, ya dawo farko, ya sake cakuɗewa. Abin da ya sauko da shi daga gado ke nan.

"Tashi ka ba ni wuri," na ce. "Koma ka kwanta. Ni zan taka, kai ka faɗa."

"Ke? Kin taɓa hawa keke?"

"Shekara ashirin da biyu yana hawa kaina, ai yau sai in rama."

Muka kwantar da shi, na zauna, na taka. Da farko keken ya juya baya, Tela ya yi tsaki daga gado. Daga baya ƙafata ta kama. Sunayen suka fara fitowa a jere kamar an kwance ɗinki an ja zare: Al-Maliku, Al-Ƙuddusu, As-Salamu. 'Yarsa ta jingina da ƙofa tana share ido. Muka yi nisa har can wajen na sittin. Al-Mubdi'u. Al-Mu'idu. Al-Muhyi, Mai rayarwa. Na taka, ba abin da ya fito daga bakinsa. Na sake takawa, ya ce, "Al-Hayyu."

Ban ɗaga kai ba. Na san wurin. Shekara bakwai ina jin takun nan guda yana wucewa babu suna, tun rasuwar matarsa. Al-Mumitu ne a wurin, Mai ɗaukar rai.

Washegari 'yarsa ta ɓata mana shiri. Malama ce, ba ta yarda da abu sai ta gani a rubuce, ta zauna tana bin mu a wayarta.

"Baba, ka tsallake ɗaya."

"Ke za ki koya mini?"

"A'a Baba, gani na yi bayan Al-Muhyi akwai..."

"Tun ba a haifi uwarki ba nake karanta su! Maƙwabciya, sauka mini daga keke."

Ranar ba wanda ya zauna a gidan nan. A buɗe taga, iska ta yi yawa, a rufe. A juya masa gado ya fuskanci ƙofa, a mayar da shi yadda yake. A miƙo masa almakashi, ya buɗe ya rufe, ya tura ƙarƙashin matashi. Ya ce ruwa, aka kawo, ya ce wa ya ce a kawo. Numfashinsa na fita da ƙyar, amma idonsa na kan keken kamar mai jiran ya yi masa magana. Ni ma na koma ɗakina na kasa kitso, na sallami mata biyu na ce hannuna ke ciwo.

Rana ta uku 'yarsa ta fita karɓo magani, ta bar mini shi. Na ja kujera kusa da gadon.

"Malam Tela, ba mantawa kake yi ba."

"Ashe kina ji."

"Bangon nan har tusarka yake kawo mini, balle wannan."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya fara magana a hankali, yana tsayawa ya ja numfashi.

"Ranar nan ina kan keke, ita marigayiya tana shara a nan bakin ƙofa. Ta ce, 'Malam, kaina.' Na ɗaga mata hannu, wai ta bari in kai ƙarshe. Ta sake cewa, 'Malam.' Na sake ɗaga hannu. Ina faɗin sunan nan, maƙwabciya, yana bakina ban gama ba, na ji tsintsiya ta faɗi. Tun ranar, in na zo wurin sai in ji tsintsiyar, harshena ya ɗaure."

"Ka tambayi Liman?"

"Na tambaye shi a kaikaice. Ya ce ba laifi, Allah ya san zuciya." Ya juyo ya dube ni. "To ai shi ne abin tsoron. Ya san zuciya. Ni kaina ban sani ba, tsoro ne ko fushi nake yi da Shi. Ga shi tafiya ta matso, ina jin ta a ƙirjina. In je gabansa ya ce, bawana, ka yarda Ni ne Mai rayarwa, ka yarda Ni ne Mai azurtawa, ɗayan fa? Me zan ce? Ba na so in tafi da abin nan a bakina."

Hawaye na bin gefen fuskarsa suna shiga kunne. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta fi tausayin, domin ni ma akwai abin da na daɗe ina zaune a kai.

"To saurara, ka ji nawa," na ce. "Kwana uku tana ciwon kan nan kafin ranar. A ɗakina ta faɗa mini, kanta a cinyata. Ta ce har ganinta yana dushewa, amma kada in gaya maka, kana da ɗinki da yawa. Ni kuma da shegen sanin komai na ce mata kitsona ne ya yi tsauri, ta shafa mai ta kwanta. Ka ɗaga mata hannu sau biyu, ni kwana uku na yi ina ɗaga mata. Shi ya sa na ji kana tsallakewa shekara bakwai ban ce uffan ba. Shirun naka ya yi mini daɗi."

Na ɗauka zai kore ni. Ya rufe ido har na fara duba ko ƙirjinsa na motsi.

"Kitsonki kam yana da tsauri," ya ce can. "Kullum sai ta yi mita."

"Amma kullum sai ta dawo."

"Ta dawo kam." Ya goge fuska da bayan hannu. "Gobe ki zo da wuri."

Na zo da wuri. Jikinsa ya ƙara sauka, leɓɓansa sun bushe, 'yarsa ta tallafo shi da matasai biyu. Wayar tana aljihunta, ta koyi hankali. Na zauna na yi bismillah na taka, ya fara, muryar kamar daga cikin rijiya. Muka matso wurin. Al-Muhsi. Al-Mubdi'u. Al-Mu'idu. Al-Muhyi.

Sai na dafe keken da hannu, ya tsaya cak, allura a sama.

"Taka mana," ya ce.

"Ba zan taka ba."

"Maƙwabciya, taka."

"Yau takun nan ba zai sauka babu suna ba. Ko mu wuni a nan, na sallami masu kitso."

"Inna, don Allah ki bar shi, ba ki ga yadda yake numfashi ba?" 'yarsa ta ce.

Na gani sarai. Na kuma san in ya cika a hakan, ni ce muguwar da ta tsare tsoho da gardama a kan gadon mutuwarsa, kuma yarinyar nan ba za ta sake kallona ba. Duk da haka ban taka ba.

Ya kama bakin zanen gado ya murɗe. A daidai lokacin matar direban da ke ɗakin ƙarshe ta fito sharar tsakar gida, kamar yadda take yi kullum. Shaa, shaa, tana tahowa wajen ƙofarmu. Na ga idon Tela ya fito. 'Yarsa ba ta san labarin ba, amma ta ga fuskarsa, ta yunƙura za ta je ta hana.

"Bar ta," ya ce. "Bar ta ta gama."

Muka zauna mu uku muna sauraron shara. Ta share gaban ɗakina, ta share gaban nasa, ta kwashe a kwali, ta buga gindin tsintsiyar a tafin hannunta sau biyu. Sannan muka ji ta jingina ta da bango, ta ja takalminta ta shige ɗaki. Tsintsiyar ta tsaya inda aka ajiye ta.

Tela ya saki zanen gadon.

"Al-Mumitu," ya ce. Ya ja numfashi ya sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, kamar mai kiran wanda ya daɗe bai gaisa da shi ba. "Al-Mumitu. Naka ne. Ita ma taka ce."

Na taka. Ban ga matakin ba saboda hawaye, amma na taka. Al-Hayyu, Rayayye. Al-Ƙayyumu. Ya tafi da su ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa ina jiransa, har As-Saburu, Mai haƙuri. Na sauke ƙafata ta yi tsami.

"Da a hannuna kika koyi ɗinki, da tuni na kore ki," ya ce. "Ƙafarki sauri take yi."

"Ka warke ka karɓi kekenka, ka ga ko zan roƙe ka."

Ya nemi ruwa, wannan karon ya sha. Bai ƙara cewa a buɗe taga ko a juya gado ba. Ya yi barci, barcin da rabonsa da shi tun asibiti. Bayan azahar 'yarsa ta ji yana kalmar shahada a hankali, ta kira ni, kafin in zagayo bangon ya riga ya cika. Na ciro almakashin daga ƙarƙashin matashinsa na mayar da shi aljihun keke.

Bayan an watse daga zaman gaisuwa, 'yarsa ta lulluɓe keken da wani tsohon zanen mahaifiyarta, ta ce ba za ta ɗauke shi ba tukuna. Ta tambaye ni me ya faru da tsintsiya. Na zaunar da ita na gaya mata duka, har da nawa. Ta yi kuka, ta tafi gidanta. Bayan kwana huɗu ta dawo ta zauna a gabana ta kwance kallabi.

Hantsi ne, bangon shiru. Ina tsaga ina ja, ashe ƙafata na buga siminti bakina na bi. Na kai Al-Muhyi, ƙafar ta buga ɗaya babu suna, don shekara bakwai haka kunnena ya saba.

"Inna, kin tsallake," ta ce, kanta a sunkuye.

Na koma baya na faɗa. Sannan na sassauta hannuna a kan gashinta, na ci gaba da kitson.